Mai Ƙaramin Ƙarfi Ba Ya Ja Da Ajin Motsa Jiki Baya

Mutane da yawa suna ƙaurace wa ajin motsa jiki na rukuni saboda zaton cewa mai ƙaramin ƙarfi zai zama abin kallo, ko ya ja sauran baya. Wannan zato kuskure ne. Tun a shekarun 1920 wani masani Bajamushe, Otto Köhler, ya lura cewa mafi rauni a rukuni yakan ƙara himma fiye da yadda yake yi shi kaɗai, musamman idan tazarar da ke tsakaninsa da abokansa ba ta yi yawa ba. Su kuwa sauran, kowa ta kansa yake yi, kuma sau da yawa su ne ke cigiyarsa ranar da bai zo ba.