Ni da gora a bakin kachalla

Duk laifin ɗan kawuna ne, kun dai san halinsa. Shi ya ce sanyi ya shigo, tsuntsayen Turai sun sauka a dausayin Baturiya, mu ari kwalekwale mu kashe ƙwarƙwatar ido. Muka haye babur daga Haɗeja, sai Kirikasamma.

Mashigar da ya sani tun yana yaro kachalla ta cinye ta. Masunta suka ce tun da aka datse ruwa a Tiga da Challawa, kogi ya rage ƙafewa da rani, ciyawar ta samu wurin zama. Mashiga ta gaba kuma mai shinkafa ya shinge da ƙaya. Sai wata 'yar kafa da aka sare da lauje, faɗinta bai fi tabarma ba.

Nan na karɓe gora, na ce ai ni jikan masunta ne. Alhali kakata suyar kifi kawai take yi a kasuwa.

Na caka sau ɗaya, jirgi ya tafi. Na biyu na caka da ƙarfi don mata masu wanki su shaida. Gora ta kafe a laka. Maimakon in sake ta, sai na rungume. Jirgi ya zame daga ƙarƙashina da ɗan kawuna a ciki, ni kuwa ina maƙale kamar ƙadangare a jikin turke. Ba ta ma faɗi da sauri na huta ba. A hankali take kwantawa, har na samu sararin yin salati sau biyu, na ga hulata ta riga ni sauka, na ji wata yarinya tana cewa, "Inna, ga shi nan zai tafi." Ruwan kuma iya cinya ne, amma sai da na yi ihun a cece ni.

Wanda ya fi ƙona mini rai wani tsoho ne mai ɗinkin koma a gindin giginya. Bai tashi ba, bai yi dariya ba. Da na fito ina ɓanɓarar matsattsaku, ya ɗago ya ce, "Sannu da aiki, Sarkin Ruwa." Ya ci gaba da ɗinkinsa. Can kuma ya ƙara da cewa gorar tasa ce, in koma in ciro masa. Na koma, jama'a! Har ya nuna mini inda ban wanke lakar da kyau ba.

Tsuntsu dai balbela biyu na gani, irin na bayan gidanmu. Takalmina ƙafa ɗaya yana can.