Robar laban da kuka bari a kan sufura

Ƙannena na Makka da Jidda, jiya bayan walima a unguwarmu na ga an naɗe sufura, ledar da ake shimfiɗawa a ci abinci a kai, da robobin laban, wato nono mai tsami, a ciki, wasu rabi aka sha, wasu ko buɗe su ba a yi ba, aka cusa a jakar shara. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Kun taɓa tambayar inda nonon nan yake fitowa? Ƙasar nan ba ta da kogi ko ɗaya mai gudana rani da damina. Manyan gonakin madara, irin na kamfanin Almarai da aka kafa a 1977, suna can wajen Al-Kharj, kudu maso gabas da Riyad. Shanun kuwa Holstein ne, jinsin ƙasashen sanyi. Sai an kunna musu fanka ana fesa musu ruwa kafin su jure zafinmu, kuma saniya mai shayarwa takan sha sama da lita 100 a rana. Duk wannan ba komai ba ne in an kwatanta da abin da barsim, ciyawar da suke ci, ke zuƙewa. Ruwan da ake janyowa daga rijiyoyin burtsatse ya kwanta a ƙarƙashin hamada dubban shekaru, ɗan yayyafin da muke samu ba ya cike gurbinsa.

Shi ya sa hukuma ta daina sayen alkamar gida a 2016, ta kuma taƙaita noman ɗanyar ciyawa a ƙarshen 2018. Yanzu har Ajantina da Arizona ta Amurka ake noma barsim a ɗauko a jirgin ruwa. A Arizona ma mutane sun koka kan ruwansu, har jihar ta soke hayar wasu filayen a 2023.

Haba jama'a! Mu ne fa jikokin waɗanda in nono ya yi tsami sai a dama fura da shi. Allah ya ce mu ci mu sha, kada mu yi almubazzaranci. In kai aka aika kantin, ƙirga baƙin tukuna, ka duba ranar lalacewa, ka ɗauki babbar roba biyu da kofuna maimakon ƙanana talatin. Wanda ba a buɗe ba a mayar firij, ko a miƙa wa masu sharar layinmu da ke aiki cikin rana. Walimar Juma'a mai zuwa ni zan tsaya a kan tattara sufura, ina neman mutum biyu su taya ni.