Kun Biya Kuɗin Ɗaki, Saura Ku Taka Ku Je

'Yan'uwana matasa, akwai wata dabara da zuciya take yi wa mutum idan ya kai mahaifinsa ko mahaifiyarsa gidan kula da tsofaffi. Da zarar ya sa hannu a takarda, ya biya kuɗin wata, ya ga ɗaki tsaf da ma'aikaciya mai fara'a, sai ya ji ya sauke nauyi. Makon farko kullum yana can. Wata na biyu sai ƙarshen mako. Kafin shekara ta zagayo, ziyarar ta koma kiran waya na minti biyu, shi ma a kan hanyar zuwa wani wuri. Ba mugun ɗa ba ne, yana son iyayensa. Ya dai ɗauka kuɗin da yake biya sun haɗa har da zuwansa, alhali babu wannan a takardar da ya sa wa hannu.

Irin gidan da nake magana a kai ba asibiti ba ne. Tsohon da ke ciki yana da ɗakinsa da kayansa, sau da yawa har da makullinsa. Yana da sauran ƙarfi, sai dai yana buƙatar a kama masa a wasu abubuwa: wanka, sa tufafi, shan magani a kan lokaci, wanki, abinci. Ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa wannan tsari a Amurka, Keren Brown Wilson, ta fara ne a jihar Oregon a farkon shekarun 1980, bayan mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki ta ƙare a gidan jinya, tana ta roƙon a samo mata wurin da za ta iya kulle ƙofarta, ta ajiye kayanta, ta tashi daga barci lokacin da ta ga dama. Ashe tun asali gida aka so a gina, kuma mai gida zuwa wurinsa ake yi a gaishe shi.

Kada wani ya ce wannan magana ta wasu ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da shekarar 2030, mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60 ko ya haura, kuma zuwa 2050 yawansu zai kai biliyan 2.1. Ga 'ya'ya suna watsewa neman abinci, wannan a wani gari, wancan a wata ƙasa. Da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu za su tsinci kansu suna neman wa wani nasu irin wannan gida, wasu kuma su ne za a nema wa.

Ma'aikatan gidan za su yi abubuwa da yawa fiye da yadda za ka iya. Sun fi ka iya ɗaga mutum daga kujera ba tare da an ji masa ciwo ba, sun fi ka sanin lokacin magani. Amma ma'aikaciyar da ta zo aiki da safe ta san mahaifiyarka ne daga ranar da aka kawo ta. Ba ta san ta tana da ƙarfi ba. Ba ta san sunan ƙanwarta da ta rasu ba, ba ta san abin da yake sa ta dariya har ta share hawaye ba. A wurinta, ko da tana ƙaunarta, tsohuwa ce mai ɗaki kaza wadda take shan magani kaza. Kai ne idan ka shigo ka ce "Mama, kin tuna ranar da...", sai matar da ta yi shekara saba'in ko tamanin a duniya ta dawo cikin ɗakin gaba ɗayanta. Wannan aiki ba ya ɗaukar wakili. Magabata da suka ce zumunta a ƙafa take ba su bar wa aljihu gurbi ba.

Kuma kaɗaici ba ɓacin rai kawai yake kawowa ba, jiki yake ci. A 2010, Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta sun tattara bincike 148 da suka shafi mutane sama da dubu 300, suka ga masu ƙaƙƙarfar alaƙa da mutane sun fi marasa ita damar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin 100. A 2023, babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi inda ya kwatanta haɗarin rashin cuɗanya da mutane da shan taba har kara 15 a rana. Ingila ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Sin kuwa doka ta sa a 2013 wadda ta wajabta wa 'ya'ya su riƙa ziyartar iyayensu tsofaffi. Ku duba fa, sai da aka kai ga rubuta doka kafin ɗa ya je ya ga uwarsa. Duk wanda ya ga abin da ya faru a 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe irin waɗannan gidaje, 'ya'ya suna tsayawa a bayan taga suna ɗaga wa iyayensu hannu, ya san darajar ƙofar da yau take buɗe amma ba ya shiga.

Na san abin da yake hana wasu zuwa, kuma ba ko yaushe ne aiki ba. Kunya ce. Mutum yana jin ya gaza tun da bai riƙe iyayensa a gidansa ba, kowace ziyara tana tuna masa da haka, musamman idan tsohon ya kama hannunsa ya ce "yaushe za ka mayar da ni gida?" Sai ya riƙa ja da baya don kada ya ji wannan tambaya. To, ɗan'uwa, idan larura ce ta sa ka kai shi, ba ka yi laifi ba. Laifin yana farawa ne ranar da ka bar kunyarka ta zama hukunci a kansa. Ka ji tambayar, ka amsa da gaskiya da taushi, kada ka yi masa alkawarin da ka san ba za ka cika ba. Aya ta 23 a Suratul Isra'i, da ta hana a ce wa iyaye ko da "tir", a kan lokacin tsufansu ta yi magana, lokacin da haƙuri da su ya fi wuya.

Yanzu ga inda masu zuwan ma suke kuskure. Gidan nan unguwa ce. Akwai wanda tsohonka yake zama kusa da shi a wurin cin abinci kullum, akwai wadda suke gardama da ita a kan labarai, akwai lokacin motsa jiki, lokacin karatu ko wasa ko ibada, akwai mai kujerar da ba a zama masa. Wannan ita ce rayuwarsa a sauran kwana shida da ba ka nan. Sai ka zo ba sanarwa daidai lokacin da suke taruwa, ka janye shi zuwa ɗaki, ka rufe ƙofa, ka zauna kana latsa waya. Ka raba shi da abokansa, kai kuma ba ka ba shi kanka ba. Ka tambayi jadawalin gidan. Wani lokaci ka zauna da su a zauren, ka gaisa da maƙwabtansa, ka riƙe sunayensu. Ka bar shi ya gabatar da kai, domin babu abin da yake ɗaga kan tsoho a cikin tsaransa kamar ya nuna mutum ya ce "wannan ɗana ne." Za ka kuma lura da wani a gefe wanda babu mai zuwa wurinsa. Gaisuwa da tambayar jiki ba za su rage maka komai ba.

Sai maganar yi masa komai. Muna ɗauka ƙauna ce ka karɓe cokali daga hannunsa, ka zaɓa masa riga, ka amsa tambayar da likita ya yi masa shi. A 1976, wasu masana halayyar ɗan'adam, Ellen Langer da Judith Rodin, sun wallafa wani gwaji da suka yi a gidan tsofaffi a jihar Connecticut ta Amurka. Rukuni ɗaya aka ce musu su zaɓi shukar da za su kula da ita da kansu, su kuma zaɓi daren da za su kalli fim. Ɗaya rukunin ma an ba su shuka, amma ma'aikata ne suke ba ta ruwa. Bayan wata 18, kashi 15 cikin 100 na rukunin farko ne suka rasu, a na biyun kuwa kashi 30. Gwaji ne ƙarami, ba zan ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba, amma abin da ya nuna kowa ya san shi a jikinsa: mutumin da aka daina tambayar ra'ayinsa yakan fara janyewa daga duniya. Saboda haka ka je masa da shawara ta gaske. Ka ce "Baba, ga abin da ya taso a wurin aiki, ya kake gani?" Ka ba shi labarin gida har da marar daɗi idan zai iya ɗauka. Kada ya ji rasuwar amininsa a bakin wani bayan wata uku.

Idan ka zauna, ka zauna a gabansa inda zai ga bakinka, ka yi magana a hankali. Mai raunin ji ba ihu yake buƙata ba. Kuma ka buɗe ido ba tare da ka zama ɗan sanda ba. Ya rame? Akwai tabo ko kumburi a jikinsa? Takalminsa yana santsi? Tabaraunsa da na'urar jinsa suna aiki? Yana shan ruwa, tun da ƙishirwa tana raguwa da tsufa ko da jiki yana buƙata? Idan ka same shi ya rikice farat ɗaya alhali jiya lafiya lau yake, kada ka ce tsufa ne. Ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa ko wani sabon magani suna iya jawo haka, sai ka sanar nan take. Wanda yake zuwa sau ɗaya a shekara ba zai ga waɗannan ba, don bai san yadda mutumin yake a makon jiya ba.

Ma'aikatan kuma mutane ne, aikinsu mai nauyi ne, sau da yawa hannu bai isa ba. Ka san sunayensu, ka gode musu, ka gaya musu abin da tsohonka yake so da abin da ya tsana. Idan ka ga ba daidai ba, ka kai ƙorafi ga shugaban wurin a rubuce, ka bi sawu. Zagin ma'aikaciya a gaban tsohon da za ka tafi ka bari a hannunta ba jarumtaka ba ce.

Akwai masu cewa, "Ai ba ta ma gane ni, me zan je yi?" Cutar mantuwa gaskiya ce, sama da mutum miliyan 55 ne suke fama da ita a duniya, kuma tana da zafi ga 'ya'ya. Amma sunanka ne ya ɓace mata. Natsuwar da take samu idan muryar da ta saba da ita tana kusa takan daɗe bayan ta manta an zo. Kada ka yi mata jarrabawa da "wane ne ni?" Ka faɗi sunanka da kanka. Idan ta maimaita labari sau biyar, ka saurara sau biyar. Idan ta kira ka da sunan yayanta, ka amsa. Da yawa daga cikin masu wannan cuta sun fi rikicewa da yamma, don haka zuwan hantsi ya fi. Ka tafi da tsofaffin hotuna, ko ka kai jikoki na ɗan lokaci kaɗan. Yara ba sa jin nauyin shirun da yake damun manya.

Ku 'yan'uwa da kuke da yawa, ku daina taruwa rana ɗaya ku cika ɗaki da hayaniya, sannan a yi wata biyu ba a ga kowa ba. Ku raba kwanakin. Rabin awa kowane mako, a ranar da ya sani, ya fi yini guda a shekara, domin tsoho da jiran ranar ma yake rayuwa. Wanda yake nesa ya tsayar da lokacin kiran bidiyo, ya roƙi ma'aikata su taimaka a haɗa, ya kuma ɗauke wa na kusa wani nauyin, don kada komai ya tare a kan 'ya mace ɗaya kamar yadda aka saba gani. Idan za ka tafi, kada ka sulale yana gyangyaɗi don gudun kukansa. Ka yi sallama, ka faɗi ranar da za ka dawo, ka rubuta ta a kalandar da ke bangonsa. Idan wani abu ya hana ka, ka kira tun kafin lokacin, domin tun safe zai sa a shirya shi ya zauna yana kallon ƙofa.