Alamar da ido ba ya gani, ta yaya za a dangwala mata?

Dattijo ya sha ranar layi tun safe, aka miƙa masa takardar ƙuri'a. Ya kawo ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya juyo wurin ma'aikacin zaɓe cikin ladabi.

"Yaro, alamomin nan sun yi ƙanana, ban ga tawa ba."

Ma'aikacin bai ko ɗago kai ba. "Baba, ni ba aikina ba ne."

"Ai ban ce ka zaɓar mini ba, karanta mini haruffan kawai."

"In ba ka iya ba, ka ba mutane wuri!"

Sa'an kakansa ne fa, a gaban jama'a. Haka Baba ya dangwala inda Allah ya nufa, ya ninke takardar tawada ba ta bushe ba, ta shafi gurbin wata jam'iyya. Wannan ƙuri'a ta lalace ke nan.

Rashin kunyar yaron a fili take, amma ɓarnar ta fara tun ranar rajistar alama. A Najeriya jam'iyya ce ke zana alamarta ta kai wa hukumar zaɓe, INEC. Doka ta hana tambarin ƙasa, da na soja ko ɗan sanda, da kayan sarauta, da alamar addini ko ƙabila, da hoton mutum rayayye ko matacce, da alamar da wata jam'iyya ta riga ta ɗauka. To amma wa ke gwada yadda zanen zai fito idan an matse shi cikin ɗan akwatin da bai fi babban yatsa ba? Tsintsiya da lema da zakara ana gane su daga nesa. Zane mai tarkace da launi barkatai kuwa, da an buga shi sai ya koma tabo. Jam'iyyar NNPP ta yi kukan cewa alamarta ta kwandon kayan marmari bai fito sosai ba a 2023, daga baya ta sauya alamar.

Ga kuma haruffa. Jam'iyyu 18 suka shiga zaɓen shugaban ƙasa na 2023, tara daga ciki da A suka fara: AA, AAC, ADC, ADP, APC, APM, APP da sauransu, jere kan jere, babu sunan ɗan takara. A 2019 'yan takara 73 ne, ƙuri'un da suka lalace suka haura miliyan ɗaya.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce a gayyaci jam'iyyu su duba samfurin takarda aƙalla kwana 20 kafin zaɓe, su ba da amsa a rubuce cikin kwana biyu. Kwana biyu! Kuma manya ne ke dubawa a ofis da tabarau, ba a kiran tsohon da zai yi amfani da ita.

A Indiya, tun umarnin 1968, hukuma ce ke keɓe wa manyan jam'iyyu alamominsu, sauran 'yan takara su zaɓa daga jerin zane masu sauƙi, kuma sunan mutum na gefen alamarsa. Mu me ya hana mu? Gwamnatocinmu sun bar miliyoyi ba karatu, sannan ana buga musu takardar da mai digiri ma sai ya ƙura ido. Jam'iyyu kuma kuɗin gangami bai taɓa yi musu wuya ba, amma buga samfurin ƙuri'a a zaga unguwanni a nuna wa mutane gurbin alama da yadda ake ninkewa a tsaye, shi ne ya gagara.