Ƙunshin ɗumi a farautar lokacin ƙanƙara: ina goyon bayansa, amma da sharaɗi

A jihar Wiskonsin ta Amurka, inda nake zaune, babbar farautar barewa da bindiga kwana tara ce kacal, kuma tana farawa ne a Asabar ta ƙarshe kafin bikin godiya da Amurkawa ke yi a Nuwamba. Doka ta yarda a fara harbi rabin awa kafin fitowar rana, saboda haka tun da duhu maharbi ya riga ya haye kujerar da ya ɗaure a jikin bishiya, sanye da riga ruwan lemo mai haske don kada wani maharbin ya ɗauke shi dabba. Daga nan sai zama. Awa uku, awa biyar, wani ma wuni guda, ba motsi ba tari, domin barewa tana da kunne da hanci.

Da na ji kalmar farauta, abin da ke zo mini a rai shi ne tafiya, da bin sawu, da gumi. Ta nan kuwa kwanton ɓauna ce. Haka shi ma sanyin. Hunturun da na sani, rana na ɗagawa yake sakin mutum. Wannan ba ya saki. Ruwan da ke gorarka zai iya daskarewa kana zaune, kuma tun da ba ka motsi, jiki ba ya ƙera isasshen zafi. Abin da jiki ke yi a irin wannan hali shi ne ya tsuke jijiyoyin jinin hannu da ƙafa don ya tsare ɗumin ƙirji da ciki. Shi ya sa yatsu ne ke fara biyan kuɗin.

A nan ne ƙunshin ɗumi ke shigowa, wato 'yar jakar nan mai kama da ta ganyen shayi da ake amfani da ita sau ɗaya a jefar. Ba wani siddabaru a ciki. Garin ƙarfe ne, da ɗan ruwa, da gishiri, da garin gawayi, da wani abu mai riƙe danshi. Da ka yage ledar, iska ta shiga, sai ƙarfen ya fara tsatsa da sauri, tsatsar ce ke fitar da zafi. A Japan aka fara sayar da shi a shekarun 1970. A nan, HotHands da Grabber su ne sunayen da aka fi gani. HotHands sun rubuta har awa 10 a na hannu, awa 8 a na yatsun ƙafa, kodayake a tsananin sanyi ni ban cika samun hakan cif ba.

Akwai tsofaffin maharba da ke ganin amfani da shi ragwanci ne. Ban yarda da su ba, kuma ba don jin daɗi nake faɗa ba. Yatsan da ya sandare ba ya jin kunamar bindiga. Ba ya sanin lokacin da ya taɓa ta, ba ya iya jan ta a hankali, sai dai ya fizge. Ga kuma rawar ɗari da ke kaɗa bakin bindiga. Sakamakon shi ne harsashi ya sauka a ciki ko a cinya maimakon bayan kafaɗa, dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale inda ba mai ganinta. Na taɓa raka wani abokin farauta bin jinin irin wannan barewa a kan dusar ƙanƙara har dare ya raba mu da sawun. Ba mu same ta ba. Tun ran nan na daina kallon ɗumin hannu a matsayin alatu. Haƙƙin dabbar ne a kanka, haƙƙin mutanen da ke dajin tare da kai ne, kuma naka ne ma lokacin saukowa daga bishiya, domin hannun da ba ya ji ba ya riƙe tsani.

To, me ya sa ba abin ɗumama hannu mai batir ba, tun da shi ba a jefarwa? Ina da shi, kuma a aljihun hannu yana aiki sosai, kana kunna shi kana kashewa yadda kake so. Matsalarsa biyu: sanyi yana cinye ƙarfin batir, sannan ba ya shiga takalmi. In ya mutu a daji kuwa, ya mutu ke nan sai an koma inda ake caji. Akwai kuma na ƙarfe irin na Zippo da ake zuba wa mai, yana daɗewa ƙwarai, amma yana da ɗan wari, ni kuwa ba na son kai wari wurin da hancin barewa ke aiki. Wanda ake tafasawa a sake amfani da shi bai ma shiga lissafi ba, zafinsa bai cika kai awa guda ba. Idan aka zo maganar ƙafa, har yau ban ga abin da ya kai ɗan ƙunshin nan sauƙi ba.

Sai dai da yawa suna saya su ce ba ya aiki, alhali su ne ba su fahimce shi ba. Abin nan numfashi yake yi. Ba iska, ba zafi. Na hannu yana son iska da yawa, in ka cusa shi cikin takalmin roba sai ya shaƙe ya huce. Na ƙafa kuwa an haɗa shi ne don wurin da iska ba ta da yawa, yana da gefe mai manne da ake liƙawa a bayan safa, ba a kan fata ba. In ka bar shi a fili yana iya yin zafi fiye da kima. Kowanne da gurbinsa. Ni a saman yatsu nake liƙa nawa, saboda a ƙasa nauyin jiki yana danne shi.

Babban kuskuren da na fi gani shi ne matse ƙafa. Mutum ya sa safa uku, ya ƙara ƙunshi, ya tura cikin takalmin da dama daidai ƙafarsa yake, sannan ya ɗaure igiya tamau. Ya hana jini gudu, ya hana ƙunshin iska, ya yi asara biyu. Safa ɗaya mai kauri ta ulu, da takalmin da yatsu ke iya motsi a ciki, sun fi. Auduga kuwa a guje ta, tana shan gumi ta riƙe. Kuma gumin nan shi ne abokin gaba: in ka liƙa ƙunshi tun daga mota ka yi tafiyar rabin awa cikin daji, ƙafa za ta jiƙe, da ka zauna sai danshin ya koma sanyi. Na ƙafa sai na isa nake sawa, wani lokaci ma da sabuwar safa. Na hannu ne nake buɗewa tun a hanya, don yakan ɗauki minti 15 zuwa 30 kafin ya kankama, ba a fafe gora ranar tafiya.

Zafinsa yana iya haura digiri 50 a ma'aunin Selshiyos, wanda ya isa ya ƙona fata a hankali ba tare da ka ankara ba, musamman fatar da sanyi ya riga ya kashe mata ji. Mai ciwon sukari, da duk wanda jin ƙafarsa ya ragu, ya yi hattara sosai. Kada a kwana da shi. Idan kuma yatsa ya riga ya yi fari ya taurare, ƙunshi ba magani ba ne, lokacin barin daji a nemi likita ne ya yi.

Sharaɗin nawa yana kan abin da ke biyo baya. Duk shekara idan ƙanƙara ta narke, ina tsintar waɗannan jakunkuna a gindin bishiyoyi a dajin gwamnati, da ledojinsu. Abin yana ƙona mini rai. Wasu na cewa ai ƙarfe ne da gawayi, ƙasa za ta cinye. Na ciki ke nan, jakar da ledar ba sa ruɓewa haka. Kare ma in ya haɗiye wanda bai ƙare ba, ƙarfen na iya yi masa illa. Ni leda mai zif nake ɗauka. In na tashi da wuri ƙunshin bai mutu ba, sai in sa shi ciki in matse iskar in rufe, tsatsar ta tsaya, da yamma in buɗe ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wanda ya mutu kuma, ya yi tauri kamar busasshiyar laka, a wannan ledar yake komawa gida tare da ni.