Tsoron tafiyar tauraro ya fi tafiyar kanta ɓarna a gasar NBA

A daren 8 ga Yuli, 2010, LeBron James, tauraron gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, ya zauna gaban kyamarar tashar ESPN ya shaida wa duniya cewa zai bar Cleveland ya koma Miami. Yana da shekara 25, ɗan garin Akron ne da ke jihar Ohio, wato ɗan gida, kuma kaka bakwai ya yi yana ɗauke da ƙungiyar a kafaɗarsa. A daren nan wasu magoya baya suka cinna wa rigarsa wuta a titi, mai ƙungiyar, Dan Gilbert, ya fitar da wasiƙa cike da fushi yana kiran abin cin amana. Kakar da ta gabata Cleveland ta ci wasa 61 cikin 82. Kakar da ta biyo baya 19 kacal ta ci, har da wani lokaci da aka doke ta sau 26 a jere.

Duk wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai ce tafiyar mutum ɗaya ce ta rushe gida. Ni ban yarda da haka gaba ɗaya ba. Gidan ya daɗe da tsagewa, kuma masu gidan ne suka tsaga shi da hannunsu, saboda tsoron ranar da zai tafi.

Mai bibiyar ƙwallon ƙafa zai buƙaci ɗan bayani a nan, don kasuwar ba iri ɗaya ba ce. A Turai, ƙungiya tana sayar da ɗan wasa ta karɓi kuɗi ta je ta sayi wani. A NBA ba a sayen ɗan wasa da kuɗi haka. Hanya uku ce: ko ka ɗauko matashi a zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi kowace shekara, inda ƙungiyoyin da suka fi shan kashi suka fi damar zaɓen farko, ko ka yi musaya da wata ƙungiya, ɗan wasa da ɗan wasa, ko da gurabun zaɓenka na shekaru masu zuwa, ko ka jira wanda kwantiraginsa ya ƙare ka lallashe shi. Sannan akwai iyakar albashi da aka gindaya wa kowace ƙungiya. Ga shi mutum biyar ne kawai a fili, don haka gwani ɗaya yana da nauyin da ko Mbappé bai yi a PSG ba kafin ya tafi Real Madrid a kyauta a 2024. Idan irin wannan gwanin ya kammala kwantiragi ya kama gabansa, babu kuɗin da za ka riƙe, babu kuma kasuwar da za ka shiga ka sayo irinsa.

Wannan 'yanci ma ba kyauta aka ba 'yan wasa ba. Oscar Robertson ne ya jagoranci ƙarar da suka shigar a 1970, aka sasanta a 1976, kuma sai a 1988 aka samu ɗan wasa na farko da ya tafi inda yake so ba tare da wani sharaɗi ba, wato Tom Chambers, daga Seattle zuwa Phoenix. Shi ya sa kalmar cin amana ba ta zauna mini. Mutumin da bai zaɓi garin da aka kai shi yana ɗan shekara 18 ba, ya cika alkawarin da ya sa wa hannu har ranar ƙarshe, wace amana ya ci? Ƙungiyoyin nan kuwa suna musayar ɗan wasa a tsakiyar kaka, da iyalinsa da 'ya'yansa a makaranta, ba tare da sun nemi yardarsa ba.

Mu koma Cleveland. Tun da aka fara ƙidaya kwanakin da suka rage wa kwantiragin LeBron, shugabannin ƙungiyar suka shiga faci. A 2009 suka ɗauko Shaquille O'Neal yana da shekara 37, ƙarfinsa ya riga ya tafi. A Fabrairun 2010 suka kawo Antawn Jamison da albashi mai nauyi, shi ma ya haura talatin. Duk wannan don a nuna wa LeBron ana yin wani abu ne. Babu wani matashi da ake rainonsa a gefe wanda zai girma tare da shi. Da ya duba hagu da dama ya ga Miami tana da Dwyane Wade, ga Chris Bosh yana kan hanya, me zai riƙe shi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Da ya tafi, abin da ya rage tsofaffi ne da aka tara don su taimaki mutumin da ba ya nan.

Na san za a ce ai ya dawo a 2014, ya ciwo musu kofi a 2016. Gaskiya ne. Amma abin da ya dawo ya tarar, wato Kyrie Irving da aka zaɓa na farko a 2011 da Andrew Wiggins da aka bayar aka karɓo Kevin Love, ribar shekara huɗu ce ta wahala da sa'ar ƙuri'a. Kuma da ba ɗan jihar ba ne, da wuya ya waiwayo. Ba kowace ƙungiya ce ke da wannan gata ba.

Oklahoma City ta sha irin wannan ɗacin, har ma ya fi. A 4 ga Yuli, 2016, Kevin Durant ya sanar da komawarsa Golden State, ƙungiyar da ta fitar da su makonni kaɗan kafin nan bayan suna gaba da wasa 3 da 1 a karawar da wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke wucewa. Ko allura ba su samu a madadinsa ba. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne darasin da shugabansu Sam Presti ya ɗauka. A Yulin 2019, da Paul George ya ce yana son komawa Los Angeles Clippers don ya haɗu da Kawhi Leonard, Presti bai tsaya roƙo ba. Ya gane cewa Clippers ce ke cikin matsi, domin samun Kawhi ya rataya ne a kan samun George, sai ya tsuga musu farashi: matashi Shai Gilgeous-Alexander, da Danilo Gallinari, da gurabun zaɓe biyar na zagayen farko, da damar musayar wasu biyu. Magoya baya suka jure shekarun shan kashi. Ɗaya daga cikin gurabun nan ya zama Jalen Williams a 2022. A 2025 ƙungiyar ta ci wasa 68, Shai ya zama gwarzon gasar, suka doke Indiana a wasa na bakwai suka ɗaga kofi. Clippers kuwa sau ɗaya ta kai wasan ƙarshe na yankin Yamma, a 2021, kuma a 2024 Paul George ɗin ya tafi Philadelphia a kyauta. Ta yi biyu babu.

Kada a ɗauka ina cewa duk mai tauraro ya sayar da shi ya huta. Akwai caca ta hankali, kuma misalinta mafi kyau daga mutumin da ya tashi a Zariya ya fito. Masai Ujiri, lokacin yana shugabantar Toronto Raptors, ya ba da DeMar DeRozan a Yulin 2018, mutumin da ya yi kaka tara a garin kuma yake ƙaunarsa, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio, alhali shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa kuma kowa ya san zuciyarsa tana Los Angeles. Toronto ta ci kofinta na farko a 2019, Kawhi ya tafi bayan 'yan makonni. Amma dubi abin da Ujiri bai bayar ba. Bai taɓa Pascal Siakam ɗan Kamaru ba, bai taɓa OG Anunoby ba, matashi Jakob Poeltl da gurbin zaɓe ɗaya tak ya haɗa da DeRozan. Shi ya sa kakar da ta biyo baya, babu Kawhi, suka ci wasa 53 suka zo na biyu a yankin Gabas. Ya shiga cacar ne yana sane da cewa baƙon nasa mai tafiya ne, ya kuma ƙayyade abin da zai iya asara. Wannan ya sha bamban da wanda ke zubar da duk abin da ke rumbu don kada baƙo ya tashi.

Lamarin da ya fi wuyar yanke hukunci a wurina shi ne na Milwaukee da Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa suka bar Legas suka zauna a Girka. Bayan tafiyar Durant, an shigo da wata doka a 2017 da ta ba ƙungiya damar biyan tauraron da ta raina har kashi 35 cikin ɗari na iyakar albashi, fiye da abin da wata za ta iya ba shi. Manufar ita ce a taimaki ƙananan garuruwa irin Milwaukee. A 2020, shekara ɗaya ta rage wa Giannis, manyan ƙungiyoyi sun fara share wuri suna jiransa. Milwaukee ta ba da gurabun zaɓe uku da damar musayar biyu, haɗe da 'yan wasa, ta karɓo Jrue Holiday. A Disamba Giannis ya sa hannu a kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 228. A Yulin 2021 ya zuba maki 50 a wasa na shida da Phoenix, garin ya ga kofi bayan shekara 50. Babu mai hankalin da zai ce wannan cinikin bai yi riba ba, kuma da ni ne a kujerar, da haka zan yi, domin Holiday shi ne ainihin abin da ƙungiyar ta rasa.

Matsalar ita ce tsoron ba ya ƙarewa da sa hannu ɗaya. Kowane kwantiragi yana da ranar ƙarshe, kuma da zarar ta fara matsowa sai a sake shiga fargaba. A Satumban 2023, bayan Giannis ya fito fili ya nuna ba zai sabunta ba sai ya ga da gaske ake, Milwaukee ta ba da Holiday ɗin da sauran gurabun da suka rage mata ta karɓo Damian Lillard yana da shekara 33. Giannis ya sabunta. Holiday ya ƙare a Boston, ya ci kofi da su a 2024. Milwaukee kuwa aka fitar da ita a zagayen farko na wasannin neman kofi a 2024 da 2025, Lillard ya tsinke jijiyar agara, ƙungiyar ta sallame shi a Yulin 2025. A ganina cinikin 2020 an yi shi ne don a ci kofi, na 2023 kuwa don a kwantar wa mutum ɗaya hankali, kuma ya fi kama da abin da Cleveland ta yi a 2009.

Kusan dala miliyan 113 da suka rage a kwantiragin Lillard an shimfiɗa su a kan shekara biyar. Ma'ana, har zuwa 2030 Milwaukee za ta riƙa cire sama da dala miliyan 22 kowace kaka daga iyakar albashinta tana biyan mutumin da ya koma Portland, yayin da gurabun zaɓenta na waɗannan shekarun suke hannun wasu ƙungiyoyi.