Mu Mayar Wa 'Ya'yanmu Alƙalami

Ina yi wa 'yan'uwana matasa da suka fara tara iyali wannan nasiha ne saboda abin da nake gani duk ƙarshen zangon karatu, idan na zauna duba takardun jarrabawar ɗalibaina a nan Birnin Kebbi. Yaro zai san amsa sarai, idan ka tambaye shi da baki ya ba ka ita babu gargada, amma abin da ya zuba a takarda ba ya karantuwa, har da "lfy" da "ngd" irin na WhatsApp a tsakiyar insha'i. Ba na ganin laifin yaron. Mu ne muke miƙa masa waya tun bai iya magana ba don ya bar mu mu huta, alhali ba mu taɓa kama hannunsa mun nuna masa yadda ake riƙe fensir ba.

Na san za a ce zamani ya sauya, tunda ko JAMB ta koma kwamfuta tun 2015. Haka ne, kuma ba na hana kowa koya wa ɗansa kwamfuta. Sai dai wanda ya danna harafi an riga an ƙera masa shi ne, wanda kuwa ya rubuta shi da hannu sai da ido da yatsu da ƙwaƙwalwa suka haɗu suka gina shi, shi ya sa ba ya saurin gushewa daga zuciya.

Mu da muka bi ta makarantar allo bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Mun fere alƙalami da kanmu, mun dama tawada da gawayi da ƙaro, mun fara da babbaƙu kafin farfaru, kuma malam ba ya yarda ka wanke allo sai abin da ke kansa ya zauna maka. Alaramma kansa, cikar darajarsa ita ce ya rubuta Alƙur'ani da ka. Tafsirin Malam Abdullahi na Gwandu, Diya'ut Ta'wili, da littafinsa Tazyinul Waraƙati, da hannu aka rubuta su, da hannu almajirai suka yi ta kwafarsu daga gari zuwa gari har suka iso mana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a gidaje da yawa akwai wasiƙun ajami da takardun gonaki da kakanni suka bari, amma jikokin ba sa iya karanta ko layi ɗaya, sai an nemo wani dattijo daga wata unguwa.

Waɗanda suka ƙera mana wayoyin ma sun fara waiwaye. Jihar Kalifoniya ta Amurka, inda kamfanonin Apple da Google suke, ta yi doka a 2023 cewa a koya wa yaran firamare rubutun haɗe, wato wanda ake jan haruffan kalma a haɗe ba tare da yawan ɗaga alƙalami ba. A ganina, irin wannan rubutu yana saba wa yaro da natsuwa, yana kuma ba hannunsa sauri ranar da lokaci ya ƙure masa a ɗakin jarrabawa.

Don Allah, bayan sallar magariba ku ajiye wayoyinku ku zauna da su, ko da na minti 15 ne. Littafi mai layi da fensir sun isa. Ku yi musu shifta da Hausa, ku lura da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, domin waya ta sa yara sun daina bambance ƙasa da kasa. Idan hannun ya fara faɗawa, ku sa yaro ya rubuta wa kakarsa ta Jega ko ta Argungu wasiƙa, ranar da aka je gaishe ta ya karanta mata da kansa.